Yadda Ake Bambance Barcin Kifin Kilaun da Ciwo a Tankin Ruwan Gishiri

Kifin kilaun, ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fararen zobba uku da baƙin layi ya zagaye, yana da wata irin kwanciya da ke tayar wa mai kiwo hankali. Da rana za ka gan shi yana rangaji, yana rububin abinci. Da dare kuwa sai ka leƙa ka tarar da shi kwance ta gefe a kan yashi, ko a tsaye kai sama wutsiya ƙasa a lungun gilas, ko ya ɗaga saman ruwa ya karkace. Launinsa ya koɗe, idonsa a buɗe. Wanda bai saba ba zai rantse cewa kifin yana gargara ne.

Galibi barci kawai yake yi. Sai dai akwai daren da kwanciyar nan take nufin ruwan ya ɓaci ko cuta ta shigo, kuma a nan Akra, inda zafi da ɗauke wuta kan haɗu a dare ɗaya, irin wannan daren ba baƙo ba ne. Siffar kwanciyar ita kaɗai ba ta gaya maka komai. Abubuwa uku ne ke raba gardama: lokacin da ya kwanta, yadda yake numfashi, da ko yana cin abinci. Ga yadda ake bin su ɗaya bayan ɗaya kafin hannu ya kai ga kwalbar magani.

Ka fara sanin inda ya fito

Asalin wannan kifi Tekun Indiya ne da yammacin Tekun Pasifik, har da Bahar Maliya da gaɓar Ostareliya. Babu shi a Tekun Atlantika ko kaɗan, don haka komar masuntan Jamestown ko Chorkor ba za ta taɓa kamo shi ba. Duk wanda ka gani a tanki a Nima ko Madina shigo da shi aka yi, ko kuma 'ya'yan wanda aka shigo da shi ne. Dangin sun kai kusan iri 30, amma wanda ya fi yawa a hannun masu kiwo shi ne Amphiprion ocellaris, wanda tsawonsa ba ya wuce santimita 11.

A teku yana zaune ne cikin anemoni, wata halitta mai laushi da ke manne da dutse, mai yatsu da yawa masu harbi. Sauran kifaye suna gudunta, shi kuwa yauƙin da ke jikinsa yana kare shi daga harbin. Iri 10 ne kacal na anemoni ke karɓar sa. Idan rana ta faɗi sai ya cusa kansa cikin yatsun nan ya kwana, a kowace irin karkata ta zo masa. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan dangin da ke Bahar Maliya ya nuna cewa ko da daren ma ba ya zama shiru: yana juyi, yana kaɗa fikafikai, yana kutsawa tsakanin yatsun, kuma wannan motsi yana ƙara wa anemonin iskar oksijin. Ke nan barcinsa ya saba da motsi da karkacewa tun daga gida.

Yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu a tanki aka ƙyanƙyashe su, ba su taɓa ganin anemoni ba. Amma ɗabi'ar neman abin jingina tana nan a jininsu. Idan babu anemoni sai kifin ya zaɓi wani abu ya mai da shi ɗaki: lungun gilas, bayan injin tura ruwa, gindin murjani mai laushi, bakin bututu, wani lokaci ma saman ruwa kawai. Ido kuwa dole ya kasance a buɗe, domin kilaun ba shi da fatar ido da zai rufe.

Mataki na farko: duba agogo, ka bar fitila

Tambayar farko ita ce, yaushe ka gan shi a kwance? Idan bayan an kashe fitilar tanki ne, ko da sassafe kafin ta kunnu, to da sauƙi. Koɗewar launi da dare ma ba abin damuwa ba ce, kifayen murjani da yawa suna yin haka, launin yana dawowa da haske.

Kada ka kunna babbar fitilar tanki da tsakar dare, kada ka ƙwanƙwasa gilas, kada ka sa sanda ka taɓa shi. Kifin da aka firgita daga barci yana iya zabura ya bugi dutse, ko ya yi tsalle ya faɗo waje, kuma kilaun na daga cikin masu tsallen. Ka ɗauki tocila ka rufe bakinta da jar leda, ka haska daga gefe. Jan haske ba ya damunsu kamar fari. Ka ja kujera ka zauna minti biyar kana kallo.

Abin da za ka gani a lafiyayyen kifi shi ne wannan: yana kwance ta gefe, fikafikan ƙirjinsa suna ɗan kaɗawa a hankali, can sai ya miƙe ya yi taku ɗaya, ya koma daidai inda ya tashi ya sake kwanciya. Wurin ba ya canzawa. Yau a lungun nan, gobe a lungun nan. Wannan riƙon wuri guda babbar alama ce ta lafiya, domin kifin da ke fama da ciwo ba ya iya riƙe wurinsa, ruwa ne ke jan sa inda ya ga dama.

Mataki na biyu: numfashi

A nan ne gaskiya take, kuma a nan nake so mai kiwo ya fi ba da lokacinsa. Ka dubi murfin numfashin da ke gefen kansa, bayan ido. Kifin da ke barci yana buɗe shi yana rufewa a natse, bakinsa na ɗan motsi kaɗan. Kifin da ke cikin wahala yana haki, murfin na bugawa da sauri har ba ka iya ƙirgawa, baki a wangale.

Shawarata ita ce ka ƙirga numfashinsa tun yana lafiya. Wata rana da yamma, bayan ya ci ya natsu, ka sa agogon waya daƙiƙa 15, ka ƙirga bugun murfin, ka ninka sau huɗu, ka rubuta a takarda ka liƙa a jikin teburin tanki. Ranar da hankalinka ya tashi, kana da abin gwadawa a hannu, ba sai ka dogara da zato ba. Ka ɗauki bidiyo ma da waya, domin idan za ka nemi shawarar wanda ya fi ka sani, bidiyon daƙiƙa 30 ya fi dogon bayani.

Ka kuma dubi sauran mazauna tankin. Idan kilaun ne kaɗai ke kwance sauran suna harkokinsu, wataƙila halinsa ne. Idan duka sun taru a saman ruwa suna haƙon iska, ka tsallake kai tsaye zuwa mataki na biyar yanzu-yanzu, kada ka jira safiya.

Mataki na uku: jira safiya ka ba shi abinci

Bayan fitila ta kunnu, ka ba shi kamar rabin sa'a ya wartsake, sannan ka zuba abinci kaɗan. Kilaun mai lafiya ba ya wasa da abinci. Idan ya taso ya ci, ya yi iyo a miƙe, magana ta ƙare, duk irin kwanciyar da ya yi jiya. Idan ya ɗauka ya tofar, ko ya ƙi kallon abincin kwana biyu a jere, akwai abin bincike. Sabon kifin da aka kawo jiya ko shekaranjiya yana da uzuri, yana iya ɓuya ya ƙi ci na 'yan kwanaki saboda gajiyar hanya, muddin numfashinsa daidai yake.

Mataki na huɗu: idan su biyu ne

Wani yaro a unguwarmu da ya fara kiwo ya zo mini a rikice. "Yaya, ƙaramin nan farfaɗiya yake yi. Da babban ya matso sai ya karkace ya dinga karkarwa." Na ce masa, "Ƙanena, kwantar da hankalinka, gaisuwa yake yi."

Duk kifin kilaun da za ka gani ya fara ne a matsayin namiji. Wanda ya fi ƙarfi a cikin rukuni shi ne ke rikiɗa ya zama mace, kuma ita ce babba a jiki, ita ce mai gida. Na biyu shi ne mijinta. Idan ta mutu, mijin ya rikiɗa ya zama mace, na ƙasa da shi ya hau matsayinsa. Wannan karkarwar da ƙaramin ke yi a gabanta, ya juya gefe yana makyarkyata na daƙiƙa biyu ko uku, miƙa wuya ce, kuma alama ce mai kyau cewa sun fara daidaitawa.

Inda matsala take shi ne idan babbar ta ƙi karɓa. Za ka ga ƙaramin ya maƙale a lungun sama dare da rana, fikafikansa a yayyage, ba ya iya saukowa ya ci. Wannan korarre ne, ba mai barci ba. Ka raba su da raga ko ka mai da shi wani tanki. Kuma kada ka haɗa manya biyu masu girma ɗaya, domin mai yiwuwa duka mata ne, kuma mace ba ta komawa namiji.

Mataki na biyar: auna ruwa

Idan numfashi ya yi sauri, ko kwanciyar ta zama ta rana tsaka, ruwa ne abin tuhuma na farko, kafin cuta. Ga abin da ake nema: zafi tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salsiyos; nauyin gishiri 1.023 zuwa 1.026, pH (ma'aunin tsamin ruwa) 8.1 zuwa 8.4, amoniya sifili, naitirait sifili. Amoniya ko kaɗan ce tana ƙona wurin numfashin kifi, kuma ta fi fitowa a sabon tankin da bai cika mako 4 zuwa 6 da ƙwayoyin bakteriya masu tace ƙazanta ke buƙata kafin su kafu ba. Idan ka same ta, ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da sabon haɗi mai zafi da gishiri iri ɗaya, ka dakatar da abinci na yini guda, ka nemi abin da ya mutu ko ya ruɓe a bayan duwatsu.

Zafi shi ne namu na gida. Littattafan kiwon kifi na Turai da Amurka suna ta maganar hita mai ɗumama ruwa, mu kuwa sanyaya ruwa ne aikinmu. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin Akra kan wuce digiri 32 da rana, kuma ɗakin da ke da rufin kwano a Maamobi ko Sabon Zango ba ya hucewa sai can cikin dare. Ruwan gishiri dama yana riƙe oksijin ƙasa da ruwan daɗi da kusan kashi 20 cikin 100. Ruwa mai ɗumi yana riƙe ƙasa da haka, alhali kifin da ke cikin ɗumi ya fi buƙatar iskar. Sannan da dare murjani da gansakuka suna daina samar da oksijin saboda babu haske, su ma su koma shaƙa. Saboda haka oksijin ya fi ƙaranci ne gab da wayewar gari. Idan ka tashi sallar asuba, ka leƙa tankin da jar tocila kafin ka fita masallaci. Abin da ka gani a wannan lokacin shi ne ainihin halin da tankinka yake ciki.

Gyaran ba shi da tsada. Ka juya bakin injin tura ruwa ya kalli sama yadda fuskar ruwan za ta dinga karyewa, domin ta nan iska ke shiga. Ka cire murfin gilas ka sa na raga. Ka ɗora ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, tana iya sauke digiri ɗaya ko biyu. Ranar da zafi ya yi tsanani, ka sa gorar ruwa mai ƙanƙara, a rufe gam, ta yi iyo a ciki, amma a hankali, saukar zafi farat ɗaya ma wahala ce ga kifi. Fanka tana sa ruwa ya ƙafe da sauri, haka ma iskar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Gishiri ba ya ƙafewa tare da ruwa, don haka ciko da ruwan daɗi ake yi, ba da na gishiri ba. Ka yi alama a jikin gilas ka dinga cikawa kullum zuwa wurin.

Sai dumso, wato yawan ɗauke wuta. Wanda ya zauna a garin nan a 2015 ya san yadda wuta ke tafiya ta yini ta kwana, kuma har yanzu takan ɗauke ba sallama. Da injuna suka tsaya, oksijin ya fara sauka, kuma a daren zafi sa'o'i kaɗan sun isa su kwantar da kifi kwanciyar da ba ta barci ba. Injin iska mai batir, ko ƙarami mai aiki da abin cajin waya na tafi-da-gidanka, wajibi ne ga duk mai tankin gishiri a Akra, kuma a ganina ya kamata a saye shi tun kafin a sayi kifin. Idan ba ka da shi, ka ɗauki kofi mai tsabta ka dinga ɗebo ruwan kana kwararo shi daga sama, kowane minti 10 zuwa 15. Kada ka ba da abinci sai wuta ta dawo.

Akwai wani abu da mutane ba sa kawowa a rai, maganin sauro. Na fesawa da na kunnawa yawanci suna ɗauke da sinadaran piretroid, waɗanda guba ne mai ƙarfi ga kifi da jatan lande ko da kaɗan ne. Injin iska yana zuƙo iskar ɗaki ne ya tura cikin ruwa. Idan an fesa ɗaki da magariba, da tsakar dare ka ga kifi yana jujjuyawa yana haki, ga dalilin nan. Ka canza ruwa mai yawa nan take, ka sa gawayin tace ruwa na musamman da ake sayarwa don tanki. Abin da ya fi shi ne kada a fesa ɗakin da tanki yake, a yi amfani da gidan sauro. Ka gaya wa mutanen gida, musamman wanda ke share ɗakin. Hannunka ma ka ɗauraye shi da ruwa zalla kafin ka tsoma, saboda man shafawa, turare da sabulu.

Game da ruwan haɗi kuwa, gishirin girki ko wanda ake samowa a garin Ada ba ya yi, domin ba shi da kalsiyam da magniziyam da sauran sinadaran ruwan teku a ma'aunin da ake buƙata. Gishirin tanki na musamman ake saya. Ruwan famfo yana da kulorin, sai an tace. Ɗebo ruwan teku a kusa da inda tafkin Korle ke zuba, bayan duk abin da kogin Odaw ya kwaso daga cikin gari, kasada ce da ban ba kowa shawara ba.

Mataki na shida: dubi fatarsa

Idan ruwa ya fito daidai amma kifin na haki, ka dube shi da kyau a cikin farin haske, daga gefe da kuma daga gaba. Cututtuka uku ne suka fi zuwa.

Ta farko ita ce Brooklynella, wadda ta fi kama kilaun har ake danganta ta da shi. Fatar tana yin fari-fari, yauƙi mai kauri yana saɓulewa daga kai da baya, kifin ya daina ci, ya kwanta yana haki. Tana kisa cikin kwana ɗaya zuwa uku, don haka ba a jira. Maganinta wankan sinadarin fomalin ne a wani mazubi dabam mai iska sosai, bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar, da safar hannu, a wuri mai iska, domin fomalin yana cutar da mutum ma.

Ta biyu ita ce Cryptocaryon, fararen ɗigo a jiki da fikafikai kamar an barbaɗa gishiri, kifin yana goga jiki da dutse. Ɗigon kan ɓace su dawo da yawa, domin ƙwayar tana sauka ƙasan tanki ta hayayyafa. Ta uku ita ce Amyloodinium, mai kama da ƙura mai ruwan zinariya, tana fara kama wurin numfashi, har kifin ya je ya tsaya a gaban injin tura ruwa yana fuskantar ruwan. Ta fi ta biyu saurin kisa. Duka biyun ana maganinsu da sinadarin jan ƙarfe.

A nan sai an yi hattara sosai. Jan ƙarfe yana kashe murjani, anemoni, jatan lande da katantanwa, kuma yana maƙalewa a dutse da yashi. Ba a taɓa zuba shi a babban tanki. Ka tanadi ƙaramin tankin jinya, ko da robar lita 40 ce mai tsabta, da injin iska da guntun bututun roba don ɓuya, babu yashi babu dutse. Ka sayi abin auna jan ƙarfen tare da maganin, domin tazarar da ke tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke kisa kaɗan ce. Idan maganin jan ƙarfe mai suna Cupramine kake amfani da shi, kada ka haɗa shi da maganin cire kulorin ko amoniya irin su Prime, haɗin yana mai da shi guba. Babban tankin kuma sai an bar shi babu kifi ko ɗaya har ƙwayar ta mutu da yunwa: mako 6 ga Brooklynella da Amyloodinium, kwana 76 ga Cryptocaryon kamar yadda masu kiwo suka saba.

Kafin magani ya samu, ana iya tsoma kifin cikin ruwan daɗi marar kulorin, mai zafi da pH daidai da na tanki, na minti 3 zuwa 5. Yana rage ƙwayoyin da ke wurin numfashi, ya ba shi sararin shaƙa, amma ba ya warkarwa. Idan kuwa fatar lafiya lau ce, sai dai kashinsa fari ne mai tsawo kuma yana ramewa duk da yana ci, tsutsar ciki ce abin zargi, ita ma a tankin jinya ake maganinta.

Gyara masa makwanci

Idan ka bi duk wannan ka tabbatar barci ne kawai, saura ka kare shi yayin da yake barcin. Kifin da ya zaɓi kwana kusa da injin tura ruwa yana iya tsotsuwa, ka sa wa bakin injin soso ko raga, ka rage ƙarfinsa da dare idan yana da wurin ragewa. Wanda ke kwana a saman ruwa yana buƙatar murfin raga da kariya a bakin magudana.

Ba dole ba ne ka sayo anemoni. Kilaun yana rayuwa fiye da shekara 10 a tanki ba tare da ita ba, kuma anemoni tana son haske mai ƙarfi da tankin da ya yi aƙalla wata 6 da kafuwa. Idan ta mutu a daren dumso tana iya ɓata ruwan duka. Ƙaramar tukunyar ƙasa sabuwa, marar fenti, a kwantar da ita ta gefe a wurin da ruwa ba ya da ƙarfi, ta wadatar, kuma masu hayayyafa da su suna amfani da ita domin a jikinta suke saka ƙwai. Yana iya karɓa, yana iya ƙi ya ci gaba da kwana a lungunsa, kada ka tilasta masa.

Fitila kuma ka sa mata lokaci tsayayye, sa'a 8 zuwa 10 a rana, da abin kunnawa da kashewa mai agogo. Dare ya zama dare sosai. Wani bincike na masana a Ostareliya a 2019 ya gano cewa ƙwan kilaun da aka bar wa haske duk dare bai ƙyanƙyashe ba ko ɗaya, domin 'ya'yan suna fitowa ne bayan duhu ya shiga. Idan tankin yana falo inda talabijin da fitilar ɗaki ke kai wa sha biyun dare, ka rataya baƙin ƙyalle a gefen gilas ɗin da ke kallon hasken, ka bar saman a buɗe don iska ta shiga.